Babur mai girgiza kai a gudun kilomita 70: bin sawun matsala daga taya har zuwa boris ɗin wuya

Babur ɗin da mai shi

Babur ne matsakaici na kan kwalta, inji cc 650, nauyinsa ya kusa kilo 200 idan tanki ya cika, tayoyinsa masu inci 17. Gabansa shoka biyu ne irin na yau da kullum, bayansa shoka ɗaya mai zoben ɗaure sifirin mataki bakwai. Lokacin da matsalar ta kunno kai, mitarsa na nuna kilomita 41,000. Mai shi hannu na biyu ya saye shi, yana hawansa kullum zuwa wurin aiki, kuma yana kula da man inji da sarƙa da birki a kan kari. Wuyan babur ɗin dai, wato mazaunin da sandar da ke riƙe kai da tayar gaba ke juyawa a cikinsa a kan boris (zobba masu ƙwallayen ƙarfe da ke sa ta juya sumul), ba a taɓa buɗe shi ba tun da ya zo hannunsa. Wata biyu kafin a fara wannan jinya ya ɗaura masa akwati a baya, inda yake zuba kayan aiki da sarƙar kulle taya da rigar ruwa. Akwai kuma wata faɗuwa da babur ɗin ya taɓa yi yana tsaye, ya kwanta ta hagu, aka ɗaga shi aka kakkaɓe, ba a ƙara bi ta kansa ba.

Makon farko: yadda abin ya fara

Wata safiya ya saki totur zai rage gudu, ya ɗauke hannun hagu don gyara gilashin hular kwano. Daidai lokacin da allurar mita ke saukowa ta kan 70, sai kan babur ya fara kaɗawa hagu da dama da sauri, kaɗan-kaɗan da farko, sannan yana ƙaruwa. Yana mayar da hannu ya riƙe, abin ya lafa. Ya sake gwadawa a miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, ya ga kullum a wuri ɗaya girgizar take zuwa, tsakanin kilomita 75 da 60 a awa, kuma sai an saki totur. Idan yana ba da wuta ba ya jin komai. A gudun 100 ma lafiya lau.

Wannan bayani ya isa a raba wannan girgiza da 'yar uwarta da ake yawan haɗa su. Tun a 1971 injiniyan nan na Ingila, Robin Sharp, ya nuna da lissafi cewa babur yana da nau'o'in rashin nutsuwa daban-daban. Ɗaya ita ce girgizar kai, wadda gaban babur kaɗai ke yi, tana kai da komo kamar sau 6 zuwa 9 a daƙiƙa, saurin da hannun mutum ba zai iya bi ya gyara ba. Ɗayar kuma tangaɗi ne na babur ɗin gaba ɗaya, baya na lilo kamar sau 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kuma a babban gudu ya fi bayyana. Ta wannan mutumin ta farkon ce.

Asalinta yana cikin ƙirar babur. Wuya a kishingiɗe yake, kusan digiri 25 a irin wannan babur, don haka idan aka ja layi ta tsakiyarsa har ƙasa, layin zai sauka gaban inda taya ke taɓa kwalta da kamar milimita 100. Wannan tazarar ce ke sa taya ta riƙa komawa tsakiya da kanta bayan wani abu ya kautar da ita, kamar tayar kujerar ofis da ke bin inda aka tura ta. Sai dai wani lokaci komawar tana wuce tsakiya, ta dawo, ta sake wucewa. A lafiyayyen babur robar taya da hannun mahayi suna shanye wannan motsi kafin a ji shi. Idan abin da ke tayar da shi ya fi ƙarfin abin da ke shanye shi, sai ya yi ta girma.

Mako na biyu: iska da balans

Da kansa ya fara da abu mafi sauƙi. Ya auna iska da safe kafin tayoyi su yi zafi, ya samu psi 26 a gaba, alhali littafin babur ɗin ya ce 33 a gaba, 36 a baya. Ya cike. Girgizar ta ragu, amma tana nan.

Daga nan ya kai wurin masu taya aka cire ta gaba aka ɗora a kan abin balans. An samu wuri mai nauyi, aka liƙa darma gram 15 a ɗaya gefen. Wata 'yar karkarwa da yake ji a tafin hannu idan ya haura 110 ta ɓace, wadda da ma bai kawo ƙararta ba. Girgizar da ta kai shi wurin ko gezau.

Mako na uku: an ɗaure wuya

Makanike na farko da ya gani ya saurari bayanin, ya kama birkin gaba ya tura babur gaba da baya, ya ji wani ɗan ƙas daga wuya. Ya ce, "Oga, wuyanka ne ya saki." Ya kwance notin sama, ya sa guduma da ƙaramin ƙarfe ya juya notin da ke matse boris har ya ji ya tsaya, ya mayar da komai. Bai ɗaga tayar gaba daga ƙasa ba, ko kafin ɗaurin ko bayansa.

A hanyar komawa gida mai babur ya saki hannu a 70, kai bai motsa ba. Kwana biyu yana murna. A rana ta uku ya fara lura da wani sabon abu. A ƙaramin gudu, tsakanin 20 da 40, babur ɗin ya daina bin layi. Ya karkata dama a hankali, sai ya gyara shi, ya wuce ya karkata hagu, ya sake gyarawa. Cikin cunkoso kafaɗunsa har ciwo suke yi. A kwana kuma sai ya ji kamar babur ya ƙi shiga, sannan ya faɗa ciki gaba ɗaya. Ya koma aka sassauta notin kaɗan. Yawon ya ragu, girgizar ta dawo.

Mako na biyar: sabuwar taya

Wani abokin hawansa ya shafa tayar gaba da tafin hannu, ya ce masa shi ma ya shafa. Idan aka bi ta daga gaba zuwa baya sumul take, idan aka juyo sai hannu ya riƙa cin karo da ƙananan tudu, musamman a gefen hagu da dama na tsakiya. Kowane yanki na zanen tayar ya ci ta baki ɗaya fiye da ɗayan. Irin wannan ci yana samun tayar gaba saboda birki, kuma ƙarancin iska da shokar da ta gaji suna hanzarta shi. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta, waɗanda biyun farko ke nuna mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, sun nuna ta haura shekara shida.

Aka sa sabuwa mai girma ɗaya, 120/70, aka duba siririn layin da ke zagaye bakinta aka tabbatar ya zauna daidai da bakin wili ko'ina, aka yi balans. Wannan ne canji mafi girma da aka gani zuwa lokacin. Idan babu kaya a akwati, sai ya saki hannu biyu kafin kai ya ɗan motsa, kuma motsin ba ya girma. Da kaya a akwati kuwa girgizar na zuwa, ko da yake ba da zafin da ba. Yawon ƙaramin gudu bai tafi ba.

A nan aka ba shi shawarar ya sayi damfa, wato ɗan ƙaramin shoka da ake haɗawa tsakanin kai da jikin babur don ya hana kai juyawa da sauri. Ya yi tambaya, ya ji kuɗinta, ya ce bari ya ƙara jin ta bakin wani tukuna.

Mako na bakwai: an ɗaga gaba daga ƙasa

Makanike na biyu bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi: a wane gudu, da wuta ko babu, da kaya ko babu, me aka riga aka taɓa, babur ya taɓa faɗuwa. Ya rubuta amsoshin. Sannan ya kafe bayan babur, ya sa jak ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa.

Ya tsuguna ya kama ƙasan shokokin biyu ya ja gaba ya tura baya. Babu wasa. Ya kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga ta gefe, boris ɗin wili lafiya. Ya kafa agogon awo a bakin wili ya juya taya, allura ta nuna karkata milimita 0.6, nesa da iyakar milimita 2 da littattafan kamfanoni da yawa ke bayarwa. A baya ma ya jijjiga ƙarfen da ke riƙe tayar, bai ji wasa ba. Ya ja zare daga tayar baya zuwa gaba ta kowane gefe, tazarar ta zo ɗaya.

Sai ya koma kan wuya. Ya juya kai zuwa dama har ƙarshe, ya sa yatsa ɗaya a ƙarshen hannun babur ya riƙa turo shi a hankali. Kai ya taho da nauyi, da ya kusa tsakiya sai ya zame da kansa ya faɗa wani gurbi ya tsaya cak. Sai an ƙara ƙarfi yake fita. Ya kira mai babur ya ce, "Malam, zo ka taɓa da hannunka." Da hannu biyu mai babur bai ji komai ba. Da yatsa ɗaya ya ji. Don a kawar da shakka, makaniken ya cire tayar da birki, ya sassauta wayoyin da ke iya jan kai, ya sake gwadawa. Da nauyin ya ragu gurbin ya fito fili, har ana jin wasu ƙanana biyu a gefensa.

Da aka zare sandar wuya, boris na sama da sauran giris, ya yi baƙi amma da rai. Na ƙasa, wanda shi ke ɗaukar nauyin gaba da dukan ramuka kuma shi ruwa ya fi samu, ya bushe ƙayau, ga tsatsa ja kamar gari. A jikin zoben da ƙwallayen ke gudu a kai akwai jerin ƙananan ramuka, kowace ƙwallo da nata, tazara ɗaya tsakaninsu, ana jin su da farce. Babur yana shafe mafi yawan rayuwarsa kai a miƙe, don haka kowane duka daga hanya a wuri guda yake sauka. Idan wuya ya saki, ƙwallayen suna samun sararin ɗagawa su faɗo, su yi ta sassaƙa wurin.

Mako na bakwai, kashegari: canjin boris

An zaɓi boris mai 'yan sanduna masu tsini maimakon mai ƙwallo, saboda nauyi a kan layi yake sauka a jikinsa maimakon a kan ɗigo, ya fi jure duka. An fitar da tsofaffin zobba daga cikin wuya da dogon ƙarfe, ana bugawa kaɗan-kaɗan ana zagayawa don kada su karkace su ɓata mazauninsu. Sababbin an sanyaya su a firiza kafin a buga, aka yi ta bi har ƙarar guduma ta canja daga amo zuwa tauri, alamar sun kai ƙasa. Na jikin sandar wuya an sa masa sabon sil, wato zoben robar da ke toshe hanyar ruwa da mai, aka kora shi da bututun da ke taɓa zoben ciki kaɗai. An cusa giris mai jure ruwa tsakanin 'yan sandunan boris ɗin da hannu.

Ɗaurin ya ɗauki lokaci fiye da canjin. Makaniken ya matse notin sosai yana juya kai hagu da dama don komai ya zauna, ya sassauta gaba ɗaya, sannan ya sake matsewa a hankali har wasa ya ɓace. Bai bi adadin ƙarfin matsi da ke littafi ba a wannan mataki, domin adadin na boris mai ƙwallo ne, kuma mai sanduna ba ya son matsi irin wannan. Da ya ɗaure babban notin sama, kai ya ƙara nauyi, domin notin yana danna na ƙasansa. Ya sake kwancewa ya rage, har sai da ya samu abin da yake nema: babu ƙas idan an ja shokoki, kuma idan aka ɗan tura kai daga tsakiya yana gangarawa gefe da nauyinsa ba tare da ya buga da ƙarfi ba.

Tunda shokokin suna ƙasa, aka duba su. Na hagu yana tsatsafar da mai ta sil, kuma mansa ya gaza na dama da milimita 18. Man duka biyun ya yi toka-toka yana wari. Aka canja sil, aka zuba sabon mai irin wanda littafi ya faɗa, zuwa tsayi ɗaya. Wajen mayarwa aka ga aksil, wato ƙarfen da ke ratsa tsakiyar taya, ba ya shiga salin-alin sai an murɗa, ragowar faɗuwar nan ta hagu. Aka sassauta notocin maɗaurin ƙasa da na aksil, aka danna gaban babur sau da yawa ya daidaita kansa, sannan aka ɗaure da sifana mai awo.

Yawon ƙaramin gudu ya tafi a ranar. Girgiza babu ita idan akwati ba kaya. Da kaya, saura kaɗan.

Mako na tara: ƙas ya dawo, an auna nutso

Bayan kilomita 600 mai babur ya ji ɗan ƙas idan ya kama birki, girgizar ma ta ɗan ɗago. Da ma an gaya masa ya dawo. Sabon boris yana ƙara zama bayan ya sha hanya, sai ɗan sarari ya buɗe. Aka ɗaga gaba, aka ƙara notin kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ƙas ya ɓace.

A ranar aka auna nutson shoka, aikin da ke buƙatar mutum uku da tef. An liƙa alama a jikin babur daidai saman aksil na baya. Aka ɗaga bayan har taya ta rataya, aka auna daga aksil zuwa alamar. Mai babur ya hau da hularsa da rigarsa, ƙafafu a kan mataki, wani ya riƙe masa, aka sake aunawa. Bambancin shi ne nutso. A gaba an ɗaura siririyar igiyar roba a jikin shoka, ita ke nuna iyakar inda ya nutse.

Gaba ya ba da milimita 35, daidai. Baya ya ba da 49 babu kaya, 58 da kayan da ya saba ɗauka. Shokar bayan tafiyarta duka milimita 130 ce, kuma a babur na hanya ana son mahayi ya cinye tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. Zoben sifirin yana mataki na biyu. Aka kai shi na biyar, nutso ya dawo 40 da kaya.

Aka juye akwatin a kan sikeli, kilo 12. Takardar da ke liƙe a jikin ƙarfen da ke ɗauke da shi ta ce kada a wuce 5. Makaniken ya kama akwatin ya kaɗa shi gefe, ya ci gaba da lilo bayan an sake shi, domin biyu daga cikin notocin ƙarfen sun saki. Aka ɗaure su, aka mayar da kayan aiki da sarƙar kulle cikin jakar da ke kan tanki, aka bar rigar ruwa da ƙananan abubuwa a baya.

An gwada a miƙaƙƙiyar hanya mara motoci, daga 90 ana saukowa har 40, tafin hannu a buɗe dab da hannun babur. Kai bai motsa ba. Makaniken ya ɗan bugi ƙarshen hannun a daidai 70, kai ya kaɗa sau biyu ya koma tsakiya.

Bayan wata uku: me ya yi aiki, kuma don me

Babur ya ƙara kilomita 4,000, girgiza ba ta dawo ba, ba a kuma sake taɓa notin wuya ba.

A ganina abu uku ne suka haɗu, kowanne da aikinsa. Tsohuwar tayar ita ke tayar da motsin, domin kowane tudu a jikinta ɗan ture ne ga kai. Akwatin mai lilo shi ke rura shi. Ana yawan cewa kaya a baya suna ɗage nauyi daga tayar gaba, kuma haka ne, sai dai a nan lissafin bai kai yadda ake zato ba: kilo 12 da ke santimita 25 bayan aksil, a babur mai tazarar mita 1.4 tsakanin tayoyi, kilo 2 kacal yake ragewa gaba. Ɓarnar ta fi zuwa daga nauyi mai tsawo da ke kaɗawa a kan ƙarfen da ya saki, da kuma bayan da ya nutse ya sauya kishingiɗar wuya daga yadda masu ƙira suka gwada ta. Boris kuwa shi ya hana gaban babur gyara kansa. Da ya saki, sanda na wasa a cikin wuya. Da ya yi gurbi, ƙananan gyare-gyaren da taya ke yi a kowane lokaci sun daina tafiya sumul, sai kai ya maƙale sannan ya fizge.

Makanike na farko ya ji daidai, wuya ya saki. Inda aikin ya ɓaci shi ne ɗaurin da aka yi alhali taya tana ƙasa, inda nauyin babur ke ɓoye gurbin da taurin duka. Matsin ya haifar da gogayya, gogayyar ta danne girgizar, kuma ita ce ta hana kai komawa tsakiya, shi ya sa babur ya koma yawo. Ya kuma ƙara danna ƙwallayen cikin ramukan da suka riga suka haƙa. Minti biyar da jak da yatsa ɗaya sun isa su nuna wannan tun a mako na uku.

Damfar da ya fasa saya tana da wurinta. A babura masu ƙarfi da gajeriyar tazara, waɗanda gabansu ke yin sauƙi idan an ba da wuta a hanya mai gargada, tana tare fizgar da ka iya kayar da mutum. A wannan babur da ta rufe alamar ne kawai, boris na ci gaba da lalacewa a ƙarƙashinta, kuma idan aka matse ta da yawa tana ƙara tangaɗin babban gudu.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne makonni shida da ya yi yana hawa kullum a haka, yana dogaro da cewa riƙo da hannu biyu na kashe ta. Rami ɗaya a daidai wannan gudu yana iya mayar da ƙaramar girgiza ta zama wadda kai ke bugun tanki hagu da dama. An koya masa abin yi idan ta taso: ya matse tanki da gwiwoyi, ya sassauta damtse maimakon ya yi kokawa da kai, ya ɗan sunkuyo gaba, ya rage totur a hankali, kada ya damƙi birkin gaba. Yanzu yana auna iska duk mako, kuma an sa buɗe wuya da sabunta giris cikin jadawalin babur ɗin, a tazarar da littafinsa ya faɗa.